Injin da Ya Yi Tari

Makarantar kwana
Fabrairu, 1988

Zuwa ga Kawu Penieli,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya kamar yadda nake lafiya a nan. Mun gode wa Allah, mun dawo makaranta lami lafiya, ko da yake na yi ta amai a jirgin ruwa tun daga tsibirinmu Motutala har muka iso. Na baro Inna lafiya, sai ƙafarta da ke ciwo in ta daɗe a ramin gwaza. Kaka Teagai ma da sauƙi, amma idonsa na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama kuma inuwa kawai yake gani. Ya daina hawa kwakwa. Bakinsa dai yana nan yadda ka san shi.

Kawu, ka gafarce ni, ban taɓa rubuta maka ba sai yau. Ina da shekara bakwai ka tafi karatu Suva, ban sani ba ko za ka tuna fuskata. Ni ce Selepa, 'yar yayarka Sapeta, wadda ke ɓuya bayan tankin ruwa in an yi baƙi.

A wannan zangon muka fara karanta waƙarka ta Turanci da ke cikin littafin jarrabawa. Malama Fuatai ta ce duk ƙasarmu kai kaɗai ne a ciki. Da ta ce kai kawuna ne, kowa ya juyo ya dube ni, na rasa inda zan sa kaina. Na haddace waƙar duka, har wuraren da ban gane ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Talata Malama ta ce kowa ya kawo sunan mawaƙi ɗaya na tsibiranmu. Ni ba na ɗaga hannu a aji, amma ran nan na ɗaga, na ce Teagai na Motutala. Wata yarinya a baya ta ce, "Wa? Tsohon nan mai dukan gwangwanin biskit?" Aji ya fashe da dariya. Malama ta tsawata musu, sannan ta ce mini, "Selepa, ni ma da fatele ɗin kakanki aka yi rawar bikina. Amma mai gyaran jarrabawa yana Suva, sunayen da ke gabansa su zai bi. Wanda malaman jami'a ba su yi rubutu a kansa ba, ba ni da ikon koyar da shi."

Abin ya tsaya mini a rai. Shekara hamsin Kaka yana yi wa ɓangaren kudu na garinmu fatele, waƙoƙinmu na rawa. Ba a yin Kirsimeti a zauren gari ba tare da maza sun zauna kewaye da akwatin katako suna dukansa da tafin hannu, mata suna rawa, da kalmomin da suka fito daga bakinsa ba. Ta yaya za a ce shi ba mawaƙi ba ne?

Malama ta ce ana haɗa sabon littafin waƙoƙi na makarantu, kuma kai ne magatakardan kwamitin. Inna ta sha gaya mini cewa kawu ba ya cewa a'a ga ɗan 'yar'uwarsa, shi ya sa ba a roƙonsa abin banza. Ban taɓa roƙon ka ko alewa ba. Yau ina roƙon ka: ka sa waƙar Kaka guda ɗaya a littafin, da sunansa, tun yana raye. Ga wadda kowa ya fi so:

Inji ya yi tari a bakin mashiga,
na ce ba shi da lafiya, ku juyo.
Ya warke, ya tafi.

Ka yi haƙuri da rubutuna, biro ɗin yana zuba.

'Yarka,
Selepa

Suva
Afrilu

Selepa 'yata,

Wasiƙarki ta yi wata biyu a hanya, ta iso da warin busasshen kifi, na sunsuna ta kafin in buɗe. Ina lafiya, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa a garin nan. Na tuna ki sarai. Ke ce kika cije ni a hannu ran da na ce zan ɗauke ki hoto. Labarin idon Baba ya dame ni, babu wanda ya gaya mini ya kai haka.

Kin ɗaure ni, yarinya. Wa ya koya miki roƙo irin na manya? Na karɓa. Amma bari in gaya miki yadda abin yake, tunda kin girma.

Littafin kashi biyu ne. Kashi na farko tsofaffin waƙoƙi ne na kafin zuwan mishan, waɗanda masana suka tattara daga bakin tsofaffi. Kashi na biyu rubutattun waƙoƙi ne na 'yan zamani, irin tawa, waɗanda aka riga aka buga a mujallu aka yi sharhi a kansu. Waƙar Baba ba ta tsufa ta shiga na farko ba, domin da inji a cikinta. Ba ta kuma shiga na biyu, domin ba a taɓa rubuta ta ba sai da biro ɗinki mai zuba.

Duk da haka na fassara ta, na kai wa Farfesa Hargreave, shugaban kwamitin. Mutumin kirki ne, shekara ashirin yana yawo tsibiri tsibiri da rikoda. Ya karanta, ya juya takardar ya duba bayanta ko da saura. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, maimaita ta ake yi, ana ƙara sauri. Dokta Seru, mace ɗaya da ke cikinmu, ta ce ita ta ji daɗinta, amma ta tambaye ni: wace tambayar jarrabawa za a fitar daga layi uku, ɗalibi ya cika shafi biyu?

Ni kaina ban san wannan waƙa ba, bayan tafiyata aka yi ta ke nan. Baba da ban dariya yake, har inji bai bari ba. Ki ba ni lokaci. Ki kuma riƙa ɗaga hannu a aji.

Kawunki,
Penieli

Suva
Mayu

Selepa,

Ban jira amsarki ba, na ji jirgi zai tashi jibi. Ina fatan kina lafiya. Na samo hanya, ki yi murna.

Injin ne kawai matsalar. In babu shi, waƙar ta yi kama da tsofaffin waƙoƙin bankwana da matafiya, irin waɗanda Farfesa ke nema ido rufe. Sai na ɗan gyara ta:

Iska ta yi nishi a bakin mashiga,
na ce teku bai yarda ba, ku juyo.
Ta taso, suka tafi.

Na gaya musu Baba ya ɗora tasa ne a kan wata tsohuwar waƙa, wannan kuwa ita ce tsohuwar. Kada ki ɓata rai, duk mai fassara yana gyara. Farfesa ya karanta sau biyu, har ya hango zamanin da kakanninmu ke ƙetare teku da kwalekwale mai tabarmar kama iska, ya ce zai rubuta sharhi a kanta da kansa. Kin san ma'anar wannan? Duk makarantar da ke yankin nan za ta karanta ta.

Za a sa ta a kashi na farko. A sama za a rubuta "waƙar gargajiya, ba a san mai ita ba", a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe, "an karɓo daga bakin Teagai na Motutala". Ba daidai abin da kika roƙa ba ne, amma sunan yana ciki. Na haɗo da takardar izini. In kin je hutun Agusta ki karanta wa Baba, ya sa hannu, ki aiko. Kwamiti zai yi zaman ƙarshe a Nuwamba.

Kawunki,
Penieli

Makarantar kwana
Yuni

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Kaka. Yaya ƙafar? Ni lafiya ƙalau, sai dai na yi abin da ban yi shawara da ke ba, yanzu ya fi ƙarfina.

Na roƙi Kawu Penieli ya sa waƙar Kaka a littafin makarantu, na aika masa da ta injin. Na ɗauka ko bai taɓa ji ba, yana karantawa zai gane. Inna, bai gane ba. Bai san tasa ba ce. Bai san Kaka ya yi ta ne a kan safiyar da ƙaramin jirgi ya ɗauke shi zuwa babban jirgi ba. Ya ce Kaka da ban dariya yake. Yanzu ya cire injin ya sa iska, don malaman jami'a su karɓa, kuma za a rubuta ba a san mai ita ba.

Na san dokar. Wanda aka yi wa fatele ba a gaya masa, sai ya ji ta a cikin taro da kunnensa, in ya gane ya miƙe ya yi rawa. In wani ya riga ya gaya masa, waƙar ta mutu, ba a sake rera ta a zaure. To amma in na yi shiru, za a buga ta ba inji, ba sunan Kaka a sama, yara su haddace ta haka har abada. In na yi magana kuma na kashe ta. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Ki gaya mini abin da zan yi.

'Yarki,
Selepa

Motutala
Yuli

Selepa,

Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Kada ki kuskura ki gaya masa, ko da alama. Shekara tara kakanki yana jiran ranar da Penieli zai zauna a zaure ya ji ta. Duk Kirsimeti in aka zo kanta sai ya juya fuska wajen ƙofa, yana tsammanin ban gani ba.

Ke da ba ki iya tambayar gishiri a gidan maƙwabta, ina kika samo bakin roƙon kawu? Kin san ba zai iya ƙi ba, shi ya sa ya bi ta karkace. Laifin naku ne ku biyu. Ban gaya wa kakanki komai ba, ke kika ɗauko, ke za ki sauke. Ki taho da man ƙafa in akwai a shagon makaranta.

Innarki,
Sapeta

Motutala
Agusta

Zuwa ga Kawu Penieli,

Gaisuwa da fatan alheri. Na iso gida lafiya. An yi ruwa, tankuna sun cika, kifi kuma ya yi araha. Inna tana gaishe ka. Wasiƙunka biyu sun same ni a makaranta, ban amsa ba domin ban san me zan ce ba. Ka yafe mini.

Jiya da hantsi na samu Kaka a gindin bishiya yana murza igiyar kwakwa a cinyarsa, na zauna na gaya masa zancen littafin. Na ɗauka zai ce ba ruwansa. Kawu, ka ga murna! Ya ajiye igiyar ya ce, "Littafi? Mai bango mai tauri, irin na cikin kabad ɗin fasto?" Na ce irinsa. Ya ce, "Da sunana?" Na ce da ƙananan baƙaƙe, a ƙasa. Ya ce, "Ni da ba na ganin manyan ma, me ya dame ni da ƙanana?"

Ana cikin haka tsohuwa Puafitu ta zo wucewa da kwandon kifi. Ka tuna ta, ita ce mai yi wa ɓangaren arewa waƙa, shekara da shekaru suna karawa da Kaka. Ya gane takunta, ya ɗaga murya ya ce, "Puafitu! Turawan jami'a sun aiko neman waƙata. Ke wa ya aiko neman taki, ƙadangare?" Ta ce, "Allah sarki, sun rasa takardar kunna wuta ne?" Ya ce, "Jikokinki za su haddace ni ko a kayar da su a jarrabawa." Ta ce, "Su faɗi, ya fi musu." Ta ajiye masa kifi biyu ta wuce.

Daga nan na karanta masa taka. Na karanta a hankali. Ya ce in sake, na sake. Ya yi ta shafa igiyar. Can ya ce, "Wa ya sa iska?" Na ce kai. Ya ce, "Penieli da kansa?" Na ce da kansa. Ya ce, "Bai ce komai a kan injin ba?" Na ce ka ce da ban dariya. Ya gyaɗa kai ya ce, "To. Shi ya yi karatu. In iska suke so a ba su iska." Ya sa na riƙe masa hannu ya rubuta sunansa a takardar, baƙaƙen sun hau kan juna.

Da yamma Inna ta kai masa gwaza da kifin Puafitu, bai taɓa ba.

Kawu, takardar tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa, ban sa ta a wannan ambulan ba. Na san ba daidai ba ne yarinya ta riƙe abin da babba ya aike ta. Akwai abin da ba ni da ikon faɗa, kada ka tambaye ni. Ina da roƙo na biyu, kuma na san na yi yawa: kada ka ba su waƙar sai ka ji ta ana rerawa. Ka zo gida Kirsimeti.

'Yarka,
Selepa

Suva
Satumba

Selepa,

Ina lafiya. Na karanta wasiƙarki, na kuma karanta abin da ba ki rubuta ba. Abin da ba ki da ikon faɗa, ai na san shi. Ana cewa Penieli ya zama Bature, ya manta gida, yana taɓa waƙar ubansa da hannun da bai taɓa dukan akwati ba. Ba yau na fara jin haka ba. Ban zaci daga wajenki zai fito ba.

Kin san abin da na sa a wuta dominki? Na yi wa malamina ƙarya a kan asalin waƙa. In aka gane, karatun da na yi shekara tara ina yi ya tashi a banza. Na yi ne domin 'yar Yaya Sapeta ta roƙe ni. Yanzu mai waƙa ya yarda ya sa hannu, ke kuma kin zauna a kan takardar.

Kin roƙe ni abu biyu masu karo da juna. Kwamiti Nuwamba zai zauna, Kirsimeti kuwa bayansa take. In na jira, littafi ya tafi gidan bugawa ba Baba a ciki, sabon bugu kuma sai bayan shekaru, kin kuma san shekarun Baba. Zuwa gida ma ba zai yiwu ba bana, ina kare kundin bincikena a Janairu. Ki zaɓi ɗaya ki gaya mini. Ba zan ce a'a ba, amma ba zan iya raba kaina biyu ba.

Penieli

Makarantar kwana
Oktoba

Zuwa ga Kawu Penieli,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ina lafiya, mun fara bitar jarrabawa. Wasiƙarka ta sa ni kuka a bayan ɗakin girki. Kawu, Allah ya sani, babu wanda ya kira ka Bature a gidanmu. Hotonka na ranar karɓar digiri yana rataye a saman tabarmar Kaka, ya sa a riƙa goge shi ko da yake ba ya ganin sa. Abin da ba zan iya faɗa ba, ba wannan ba ne. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan.

Ga kaset a cikin wannan ƙunshi. Inna ce ta aiko da shi a jirgin da ya biyo ta nan, ta kuma rubuto mini yadda aka yi. Ta je wurin dattawa ta nemi a rera fatele ɗin injin a ɗauka a rikodar fasto, a aika maka. An yi ta gardama, wasu suka ce ba a taɓa fitar da ita daga zaure ba, wasu suka ce akwatin ƙarfe ba taro ba ne. Ka san wanda ya raba gardamar? Puafitu. Inna ta ce ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Rikoda ba ta da surutu kamar ku, abin da aka rera shi take maimaitawa. Ku rera masa kafin tsohon nan ya mutu ya bar ni ba abokin zagi." Har ta kawo 'yan ɓangaren arewa suka taya amshi, abin da ba a taɓa yi ba. Kaka da kansa ya riƙe gwangwanin biskit.

Ka ce in zaɓi ɗaya. Na zaɓa. Na janye roƙon zuwa Kirsimeti, na kuma sa takardar izinin a ciki, ka yi yadda ka ga dama da ita. Abu ɗaya ya rage: kada ka saurari kaset ɗin kai kaɗai a ɗaki. Ka fara jin sa a cikin mutane, kamar yadda ake ji a zaure. Ko da mutanen kwamitin ne.

Allah ya ba ka sa'a a kundinka.

'Yarka,
Selepa

Suva
Nuwamba

Selepa 'yata,

Ina lafiya, in wannan lafiya ce. Ki zauna kafin ki karanta.

Na yi yadda kika ce. Na kai kaset ɗin zaman kwamiti ban taɓa shi ba, ina jin haushinki har lokacin. Mu biyar ne a ɗakin, ga fanka tana juyawa, ga kofunan shayi. Na ce musu mutanen garinmu sun aiko da waƙar a rere. Farfesa ya yi murna, ya gyara tabarau, ya ɗauki fensir.

Suka fara a hankali, yadda ake farawa. Na gane muryar Yaya Sapeta a cikin mata. Da aka zo kan "tari" sai akwati ya yi shiru, gwangwani kaɗai ya buga, sau biyu a jere, ya tsaya, ya ƙara ɗaya mai rauni. Selepa, na san wannan bugun. Ba a kaset na fara jin sa ba. Haka injin ƙaramin jirginmu ya yi da safen da na tafi, daidai bakin mashiga, inda ake fita babban teku, ya mutu, direba yana ta jan igiya yana zagi. Na waiwaya na ga Baba ya shigo ruwa har ƙugu yana ɗaga hannu yana wata magana. Iska ta hana ni ji. Na ɗauka bankwana yake yi, na ɗaga masa hannu ina dariya. Injin ya tashi, muka wuce.

Cewa yake mu juyo. Shekara tara ina ɗauke da hoton nan a kaina, ban san abin da ya ce ba, sai a ɗakin taro a gaban kofunan shayi. Ni kuma na cire injin na sa iska.

Suka maimaita, suka ƙara sauri, murya ta hau sama. Ban san lokacin da na ture kujera ba. Na miƙe, da takalmi, da taye a wuya, na buɗe hannuwa na yi rawa tsakanin tebur da kabad, hawaye na shiga mini baki. Farfesa ya ɗauka ciwo ne ya kama ni, ya tashi zai kira mota. Dokta Seru ta riƙe masa hannun riga ta ce, "Zauna, malam." Ita 'yar tsibiri ce, ba ta bukatar bayani. Ta buɗe jakarta ta ciro turare ta fesa mini a wuya, kamar yadda ake yi wa mai rawa a gida.

Da kaset ya ƙare na gaya musu gaskiya: babu wata tsohuwar waƙa, ni na ƙirƙiro iskar, na kuma janye ta. Farfesa bai ji daɗi ba, ya riga ya rubuta shafi huɗu na sharhi. Ya yi mini faɗa a ofis, na cancanta, amma bai kai maganar gaba ba. Sannan na roƙe su su sa ta yadda take, da injinta, da sunan Baba a sama. Sun tattauna da gaske, ba zan yi musu ƙarya ba. Dokta Seru ta tsaya mata. Sauran suka ce abin da suka ji a kaset babba ne, amma kaset ba ya shiga tsakanin shafuka, abin da zai isa hannun ɗalibi layi uku ne kawai, kuma ba su da kashin da za su sa shi. Suka ce za a duba a bugu na gaba.

Ba ta shiga ba, Selepa. Roƙonki na farko a duniya, na kasa. Ki gaya wa Baba, ba ni da fuskar rubuta masa. Ki kuma yafe mini wasiƙar Satumba.

Kawunki,
Penieli

Motutala
Disamba

Zuwa ga Kawu Penieli,

Gaisuwar Kirsimeti daga gida. Kowa lafiya. An yanka alade biyu a ɓangarenmu, mata suna ta kitsa furanni, ni ma an sa ni a layin rawa na baya, inda ba a cika ganin mutum ba. Mun gama jarrabawa. An tambaye mu sunayen mawaƙan yankinmu guda uku, na rubuta na cikin littafi, har da naka. Na daɗe ina kallon layin da ya rage a ƙasa, sannan na juya shafi.

Na karanta wa Kaka wasiƙarka a gindin bishiyar nan. Na fara da labarin littafin, don in gama da shi. Ba zan ɓoye maka ba, ya ji zafi. Ya ce, "Wato babu?" Na ce babu. Ya ce, "Ko da ƙananan baƙaƙen?" Na ce ko su. Ya ce ashe ya riga ya gaya wa fasto ya share masa wuri a kabad. Ya ce, "Puafitu za ta cinye ni ɗanye." Ya juya mini baya, na ɗauka ya gama saurare ke nan.

Na ci gaba da karatu duk da haka. Da na zo wurin gwangwani sai na ga hannunsa ya daina murza igiya. Na kai inda ka ture kujera, ya katse ni.

Ya ce, "Ya tashi?"

Na ce, "Ya tashi, Kaka."

"Ba ke kika gaya masa ba?"

"Ban gaya masa ba."

"Uwarki fa?"

"Ita ma."

"A gaban Turawan?"

"A gabansu. Da takalmi."

Ya ce, "Da takalmi! Allah ya kyauta. Tun yana yaro rawarsa kamar kaza a kan garwashi." Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ya goge fuska da gefen zanensa, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce a kawo masa abinci.

Kawu, har yanzu ina ganin ya kamata sunansa ya shiga littafi, ban sauya ra'ayi ba. In na samu shiga jami'a zan tambaye su dalilin da ya sa kashi biyu ne kawai. Amma ba ka kasa ba, kada ka sake faɗin haka.

Kaka ya ba ni saƙo, ya ce in rubuta yadda ya faɗa. Ya ce rawar cikin ofis rabin rawa ce, ka zo ka ƙarasa ta a zaure tun yana iya jin ƙarar ƙafa. Ya ce wannan ba roƙon 'yar yayarka ba ne, kana iya cewa a'a.

Injin nan yana nan har yau, yana tarinsa. Bara majalisar gari ta so ta sayar da shi ta sayi sabo, Kaka ya je ya zauna a kansa ya ƙi tashi. A lokacin bai ba da dalili ba, jiya ya ba ni. Ya ce injin ne ya kai ka, shi zai shigo da kai.

'Yarka,
Selepa